Sukarin Baba yana hawa da asuba alhali bai ci komai ba: mu ƙara insulin?

Ɗan Auta

Assalamu alaikum. Ina neman waɗanda suka san harkar ciwon sukari su warware mini wani abu. Mahaifinmu shekarunsa 64, yana da nau'i na biyu. Yana shan metformin 1000 mg safe da yamma, da glibenclamide 5 mg da safe, kuma wata biyu ke nan da aka ɗora shi a kan insulin NPH, wannan mai fari-fari kamar madara, yunit 10 da dare. Kafin ya kwanta injin gwaji yakan nuna 130 zuwa 145, amma da safe kafin ya sa komai a baki sai mu ga 175, wani lokaci 190. Mutum bai ci ba bai sha ba, daga ina sukarin ya fito? Na biyu, wasu ranakun wajen sha biyun rana zufa takan keto masa, hannu na rawa. Na uku, ranar da aka ɗebi jininsa a ɗakin gwaji sun samu 162, injinmu kuwa 181 a lokaci guda. HbA1c ɗinsa, wato gwajin matsakaicin sukari na 'yan watannin baya, 8.6 ne. A gida ana ta cewa a mayar da allurar dare yunit 16. Mu ƙara, ko injin ne ya lalace?

Malamar Jinya

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Kada a ƙara ko yunit ɗaya tukuna, za ka ga dalili.

Injinku lafiyarsa ƙalau. Ƙa'idar da ake auna waɗannan injina da ita, ISO 15197 ta 2013, ta yarda da bambancin kashi 15 cikin ɗari sama ko ƙasa idan sukari ya kai 100 mg/dL, idan kuma bai kai 100 ba, bambancin 15 mg/dL. Ke nan idan ɗakin gwaji ya ce 162, duk abin da injin gida ya nuna tsakanin 138 da 186 bai yi laifi ba. Shi ya sa ba a gwama inji biyu ana neman wanda ya fi gaskiya. A tsaya a kan guda, a san halinsa. A kuma duba ma'aunin da yake kai. Wasu na nuna mg/dL, wasu mmol/L, kuma ninki 18 ne tsakaninsu: 180 a mg/dL shi ne 10 a mmol/L.

Mafi yawan kuskure daga hannu yake zuwa, ba daga inji ba. A wanke hannu da sabulu da ruwan ɗumi a busar sarai. Wanda ya ɓare 'ya'yan itace ya gwada bai wanke ba, abin da ya manne a yatsa kaɗai zai iya ɗaga lambar sama ƙwarai. Idan babu ruwa, a goge ɗigon farko da auduga a yi amfani da na biyu. Idan an shafa sifirit a jira ya bushe. A huda gefen yatsa, ba tsakiya ba, ya fi rashin zafi kuma jini ya fi fitowa. Kada a matse bakin yatsa da ƙarfi kamar ana tatsa, domin ruwan nama na gauraya da jinin. A sauke hannun ƙasa, a shafo daga gindin yatsa a hankali. Tsinken gwaji kuwa zafi da laima ne abokan gabansa. A ciro ɗaya a rufe robar nan take, kada a zuba su a aljihu ko a bar su a mota, a duba ranar ƙarewar wa'adi, kuma wasu kamfanoni sukan rubuta watannin da robar za ta yi bayan an buɗe ta.

Sukarin safe kuwa daga hanta yake. Hanta rumbun sukari ce, duk dare tana ɗiba tana zubawa cikin jini don kada ƙwaƙwalwa ta rasa abin aiki yayin da mutum ke barci. Daga wajen ƙarfe uku zuwa takwas na safe jiki na sakin sinadaran farkawa, irin su kotisol da sinadarin girma, su kuma suna sa hanta ta ƙara himma, suna rage wa insulin kaifi. Mai lafiya pankiriyas ɗinsa, wato gaɓar cikin da ke samar da insulin, sai ya ƙara insulin kaɗan, maganar ta mutu. Mai ciwon sukari ba shi da wannan, sai lambar ta hau.

To amma lambar safe ita kaɗai ba ta gaya maka abin da ya faru cikin dare ba. Mutum biyu za su tashi da 180: ɗaya sukarinsa na sama tun tsakar dare, ɗaya kuwa ya faɗi ƙasa da ƙarfe biyu sannan ya hau. Na farko ƙarin insulin zai amfane shi. Na biyu idan aka ƙara masa, ana iya samunsa a sume. Don haka ku sa ƙararrawa, dare uku a jere ku gwada shi tsakanin ƙarfe biyu da uku, ku rubuta ta kwanciya, ta tsakar dare da ta safe a layi ɗaya. Sannan duk ranar da zufar nan ta zo, a gwada a take kafin a ba shi komai, in dai injin na kusa.

Abin da ake nema ga yawancin manya: 80 zuwa 130 kafin cin abinci, ƙasa da 180 awa ɗaya zuwa biyu daga fara ci. Daga fara ci fa, ba daga gamawa ba. Ga dattijo mai wasu cututtuka likita kan sassauta wannan da gangan.

Mai Haɗa Magani

Malama ta gama magana a kan gwaji. Ɗan'uwa, tambaya uku gare ka: ƙarfe nawa ake yi masa allurar, a wane wuri a jiki, kuma da wane irin sirinji?

Dalilin ta farko shi ne NPH ba a shimfiɗe take aiki ba, tudu gare ta. Takan fara bayan awa ɗaya zuwa biyu, ta kai ganiyarta wajen awa huɗu zuwa goma, sannan ta riƙa sauka. Idan ana yin ta tare da abincin dare, ƙarfinta zai faɗo a tsakiyar dare, lokacin da jiki ya fi kowane lokaci ƙarancin buƙatarta, kuma kafin asubar da ake neman ta ta fara gajiya.

Zufar rana kuwa na fi zargin glibenclamide. Metformin aikinta rage sukarin da hanta ke fitarwa, da wuya ita kaɗai ta kayar da sukari. Glibenclamide kuwa tilasta wa pankiriyas take yi ya fitar da insulin, ko an ci ko ba a ci ba, kuma tana daɗewa a jiki. Wanda ya sha ta ya yi ɗan karin kumallo kaɗan, ya fita ya yi tafiya, abincin rana ya makara, abin da ka bayyana shi zai same shi. Ta fi haɗari ga dattawa da masu raunin ƙoda, shi ya sa likitoci da yawa ke canza ta da gliclazide ko su janye ta idan an fara insulin. Wannan hukuncin likitansa ne, amma ku tayar masa da maganar, ku nemi a duba ƙodar ma.

Kowa a gidan ya haddace wannan. Ƙasa da 70 sukari ya faɗi, ƙasa da 54 ya faɗi faɗuwa mai haɗari. In yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, a ba shi giram 15 na sukari mai saurin shiga jini: ƙaramin cokali uku zuwa huɗu na sukari a narke a ruwa, ko rabin kofi, wajen mililita 150, na lemon kwalba mai sukari. Ba wanda aka rubuta babu sukari a jikinsa ba. A jira minti 15 a sake gwadawa, in bai haura 70 ba a maimaita. Da ya haura, a ba shi abinci mai sitaci don ya riƙe shi. Cakulan da duk wani abu mai maiƙo ba su dace da wannan lokacin ba, maiƙo na jinkirta shigar sukarin. Kada kuma tsoro ya sa a ɗura masa kwalba biyu, sai a koma 300 a fara wata rigimar.

In ya suma ko yana jijjiga, kada a zuba masa komai a baki, zai ƙware ya shiga huhu. A kwantar da shi a gefe, in akwai allurar glucagon, wadda ke ɗaga sukari cikin gaggawa, a yi masa, a nufi asibiti. Faɗuwar da glibenclamide ta jawo takan dawo bayan an tayar da ita, har tsawon yini guda ko fiye, saboda haka farfaɗowarsa ba ta nufin an wuce wurin.

Maganar sirinji ba ƙarama ba ce. A kwalbar insulin za ka ga U-100 ko U-40, wato yunit 100 ko 40 a kowane mililita, a sirinji ma haka, kuma dole su zo ɗaya. Wanda ya zuƙi U-100 da sirinjin U-40 har layin 10, yunit 25 ya zuƙa, ninki biyu da rabi. NPH kuma tana kwanciya a gindin kwalba, sai an mirgina ta tsakanin tafin hannu, an juya ta sama da ƙasa kamar sau goma, har ta zama fari bai ɗaya ba gudaji. Ba a girgiza ta da ƙarfi. In ba a gauraya ba, yau a zuƙi ruwa-ruwa gobe a zuƙi mai kauri, lambobi su yi ta tsalle ba a san dalili ba. Wadda ba a buɗe ba tana zama a firji tsakanin digiri 2 da 8, nesa da wurin ƙanƙara. In ta taɓa daskarewa ta mutu, ko ta narke. Wadda ake amfani da ita yawanci takan yi kusan mako huɗu a ɗaki in zafi bai wuce digiri 30 ba, amma a karanta takardar cikin kwalin domin kowane kamfani da nasa wa'adin. A rubuta ranar buɗewa a jikin kwalbar.

Ɗan Auta

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun yi na dare ukun. Kwanciya 138, 141, 133. Ƙarfe uku 78, 66, 84. Safe 171, 186, 169. Jiya da zufar ta zo mun gwada, 61. Allurar da ƙarfe bakwai ake yi tare da abincin dare, kullum a gefen dama na cibiya, yana cewa nan ne ba ya jin zafi. Sirinji da kwalba duk U-100 ne.

Na Gefe

Ai wannan shi ake kira tasirin Somogyi. Sukari ya faɗi da dare, jiki ya tsorata ya saki sinadarai, hanta ta yi aman sukari, shi ya sa ranar 66 ce ta fi tashi da 186.

Malamar Jinya

Malam Na Gefe, an daɗe ana koyar da haka, amma tun da aka samu na'urorin da ke bin sukari dare da rana, masana da yawa sun ja baya da wannan bayanin, domin galibi daren da sukari ya faɗi, safiyarsa ma ƙasa-ƙasa take zuwa ba sama ba. Kwana ɗaya kuma ba ya kafa hujja. A tambaya ma: daren 66 ɗin me aka ba shi? In an ba shi sukari da abinci da ƙarfe uku, to ga 186 ɗinka nan. Bayanin da ya fi sauƙi shi ne wanda Mai Haɗa Magani ya hango, allura ta ƙare ƙarfinta da wuri, asuba ta zo ta tarar ba mai tsaro.

Ko wanne ne dai, hukuncin ɗaya ne: da an mayar da ita 16 a wannan lokacin na ƙarfe bakwai, mai 66 ina zai tsaya? Garin gyaran gira a rasa ido ke nan. Ɗan Auta, 66 da dare da 61 da rana ba abin jiran ranar komawa asibiti ba ne. Ku kai wa likita takardar nan cikin kwana ɗaya ko biyu. Abin da aka saba yi a irin wannan shi ne a matsar da NPH zuwa lokacin kwanciya, wajen ƙarfe goma, don tudunta ya dace da asuba, ko a canza zuwa insulin mai aiki a shimfiɗe kusan awa 24 irin glargine, a kuma sake duba glibenclamide. Ƙa'idar ita ce a fara kawar da faɗuwa kafin a bi ta kan hawa. Kafin ku je, kada ya tsallake abincin rana, a ajiye sukari kusa da gadonsa da cikin aljihunsa, kuma kada ya tuƙa mota bai gwada ba.

Wurin nan da ba ya jin zafi, ku shafa shi da yatsu yana tsaye. Ina kyautata zaton za ku ji ɗan ƙullutu mai taushi kamar roba a ƙarƙashin fata. Yawan allura a wuri guda ke tara kitse haka, kuma insulin da aka zuba a ciki ba ta shiga jini daidai, wani lokaci ta makale, wani lokaci ta kwararo. A bar wurin ya huta na watanni. A riƙa zagayawa a ciki da cinya, ana barin faɗin yatsa tsakanin huda da huda, da faɗin yatsu biyu daga cibiya, da sabuwar allura. Amma a yi hattara: lafiyayyar fata ta fi ƙullutu shan insulin, yunit 10 ɗin nan za ta fi ƙarfi a sabon wuri. A gaya wa likita kafin a canza, sau da yawa rage adadin ake yi.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji

Bari in taɓa 8.6 ɗin, kada ta ruɗa ku. HbA1c sukarin da ya manne a jajayen ƙwayoyin jini take aunawa, su kuma sukan rayu kusan kwana 120, don haka tana ba da labarin wata biyu zuwa uku, tare da fifita makonnin baya-bayan nan. Kashi 7 na daidai da matsakaicin sukari wajen 154, kashi 8 wajen 183, 8.6 kuwa kusan 200. Ka ga ba ko ɗaya cikin lambobin da ka kawo da ta kai 200, har da masu 60 a ciki. Ke nan ko dai wani ɓangare na sakamakon na kafin a fara insulin ne, ko kuma akwai wani lokaci a yini da sukarin ke hawa can sama ba ku gani, kuma kusan kullum bayan cin abinci ne.

Hanyar kama shi ba ta buƙatar tsinke bakwai a rana. A yi gwaji biyu-biyu: kafin abinci, da awa biyu daga fara ci. Yau na safe, gobe na rana, jibi na dare, a zagayo. A rubuta abin da aka ci da yawansa, da magani, da ko an yi tafiya. Cikin mako biyu za a ga abincin da ke ɗaga shi daga 120 zuwa 250. Sau da yawa ba sai an hana shi abincin ba, yawan sitacin za a rage, a cika rabin faranti da ganye, a haɗa da nama, kifi, ƙwai ko wake, sannan ya taka ƙafa minti 10 zuwa 15 bayan ci. Abin sha mai zaƙi ne ya fi komai saurin ɗagawa.

HbA1c ma tana yin ƙarya. Mai sikila ko wata cutar da ke fasa jajayen ƙwayoyi da wuri, da wanda aka ƙara wa jini ko ya zubar da jini kwanan nan, tasu takan fito ƙasa da gaskiya. Mai ƙarancin sinadarin ƙarfe tasa takan fito sama. Ƙarancin jini mai tsanani yana sa injin gida ma ya nuna sama da yadda abin yake. In akwai ɗaya daga cikin waɗannan a faɗa wa likita.

Idan da hali, na'urar da ake mannawa a damtse, irin FreeStyle Libre mai yin kwana 14, za ta nuna dare da bayan abinci duka ba tare da ƙararrawar ƙarfe uku ba. Ruwan ƙarƙashin fata take aunawa ba jini ba, saboda haka tana bin bayan jini da 'yan mintuna, kuma in an kwanta a kanta takan nuna faɗuwar ƙarya. Duk lokacin da lambarta ta saɓa da yadda mutum ke ji, a huda yatsa. Abin da ake so a gani a cikinta shi ne fiye da kashi 70 na lokaci tsakanin 70 da 180, ƙasa da kashi 4 a ƙarƙashin 70. Ga dattawa masu rauni ana so faɗuwar ta gaza kashi 1.

Mai Haɗa Magani

Saura ranar rashin lafiya, domin duk lissafin nan yakan rushe a ranar. Zazzaɓi, ciwo mai ruɓa ko wata cuta na ɗaga sukari ko mutum bai ci ba, don haka ba a dakatar da insulin don kawai ba ya cin abinci. A kira likita a ji adadin da za a yi. A gwada duk awa uku zuwa huɗu, a yawaita ruwa. In yana amai ko gudawa har jiki ya fara bushewa, metformin ake dakatarwa saboda ƙoda, glibenclamide ma ba a shan ta a kan cikin da ba zai karɓi abinci ba. Magungunan kumburi irin su prednisolone da dexamethasone na ɗaga sukari sosai, musamman daga rana zuwa yamma, don haka duk wanda zai rubuta masa magani ya san yana da ciwon sukari. Wasu magungunan hawan jini kuma, irin su propranolol da atenolol, na ɓoye rawar hannu da bugun zuciya na faɗuwar sukari, sai zufa kaɗai ta rage a matsayin alama.

Sukari ya wuce 250 sau biyu a jere, a duba kiton, sinadarin da ke taruwa idan jiki ya koma ƙona kitse saboda ƙarancin insulin, a fitsari ko a jini in akwai tsinkensa. A jini, 1.5 zuwa sama na buƙatar likita a ranar, 3 kuwa gaggawa ce. Amai da ba ya tsayawa, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, ƙishirwa da fitsari ba ƙaƙƙautawa, magagi ko sambatu, ko injin ya rubuta HI maimakon lamba bayan an wanke hannu an sake gwadawa, duk waɗannan asibiti ne kai tsaye, ko da ƙarfe nawa ne. Ku tafi da kwalbar insulin, da kwalayen magungunan, da takardar lambobin.